Martani: Tuntuɓen Ɗalibi a Baƙon Wuri Ba Abin Kunya Ba Ne

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da makala a wannan fili, inda ya yi wa ɗalibanmu masu zuwa karatun musaya a ƙasashen waje wankin babban bargo. Abin da ya ɓata masa rai, kamar yadda na fahimta, shi ne irin labaran da suke dawowa da su. A ce yaro ya yi wata shida ko shekara guda a Turai ko Amurka, a zauna ana jiran a ji abin da ya gano a ɗakin gwaje-gwaje da laburare, sai ya ɓuge da labarin ranar da ya hau jirgin ƙasan da ba nasa ba, da ranar da hayaƙin suyarsa ya tayar da ƙararrawar gobara, da yadda sanyi ya kusa aika shi barzahu. A ganin Malam marubucin, wannan tonon silili ne da ke nuna mu a matsayin ƙauyawa a idon duniya, kuma hujja ce cewa yaran ba su isa a tura su ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa karatun musaya yawon buɗe ido ne aka sa masa rigar ilimi, tunda ba a dawowa da digiri. Ya rufe da shawarar a riƙa tura manya kawai, masu neman digirin digirgir, waɗanda ko sun yi tuntuɓe sun san yadda za su rufa wa kansu asiri.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma ba zan hana shi ita ba. Duk mun san ɗalibin da in ka bi shafinsa na Instagram ba abin da za ka gani sai hoto a cikin dusar ƙanƙara da hoto a gaban gada, ya dawo harshen ƙasar ma bai iya gaisuwa da shi ba. Wannan ya cancanci faɗa. Inda muka raba hanya da Malam shi ne inda ya haɗa wannan da ɗalibin da ya shiga mutane, ya yi kuskure, ya dawo ya faɗi kuskurensa. Su biyun ba su haɗa komai ba. Mai hoto ya tsira daga tuntuɓe ne don bai taka ko'ina ba.

Bari mu ɗauki Jamus, tunda tana cikin ƙasashen da jami'o'inmu ke ƙulla yarjejeniyar musaya da su, mu ga abin da ke jiran ɗalibi a makonninsa na farko. Doka ta ba shi kwana 14 daga ranar da ya tare ya je ofishin rajistar mazauna ya rubuta adireshinsa. Ba za a karɓe shi ba sai da takardar shaida daga mai gidan da yake haya. Bankuna da yawa ba za su buɗe masa asusu ba sai da takardar wannan rajista. Jami'a ba za ta kammala masa rajista ba sai ya nuna inshorar lafiya, kamfanin inshora kuma yana neman lambar asusun da zai riƙa cirar kuɗinsa. Ofishin baƙi da zai ba shi izinin zama yana son ganin dukansu. A babban birni kamar Balin, samun ranar ganawa a ofishin rajistar kaɗai kan ɗauki makonni. Duk wannan da Jamusanci ake yi, harshen da yaron ya fara koyo watanni kaɗan kafin ya taso. Allah gafarta Malam, a ɗauko farfesa mai furfura a jefa shi cikin wannan sarƙaƙiya, in bai je ofis da takardar da ba ita ake nema ba, a zo a tuhume ni.

Wannan ɓangaren takardu ke nan. Na rayuwar yau da gobe ya fi shi tarko, domin babu wanda ya rubuta dokokinsa a bango. Ɗalibi zai sauka ranar Asabar da dare, ya ce gobe da safe zai fita ya sayi burodi da madara, ya wayi gari Lahadi ya tarar manyan kantuna duk a rufe, domin a Jamus doka ce ta hana yawancin shaguna buɗewa ranar Lahadi. Zai shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Balin ya ga babu shinge, babu mai karɓar tikiti, ya sayi tikitinsa da kuɗinsa ya sa a aljihu, bai san sai an zura shi a wani ɗan inji ya buga masa hatimi ba. Masu bincike su shigo cikin kayan gida, su ce tikitin bai inganta ba, tarar Yuro 60. Zai yi ta zubar da robar ruwa a kwandon shara, sai daga baya wani ya gaya masa kowace roba an ɗora mata santi 25 da ake mayar wa mutum idan ya kai ta injin da ke bakin kanti. Wata rana wasiƙa za ta zo da sunansa ana neman Yuro 18.36 duk wata na kuɗin rediyo da talabijin, shi kuwa ko rediyo ba shi da ita. Wanda ya tashi a ƙasar da 'yan damfara suka koya wa kowa taka-tsantsan me zai yi da irin wannan wasiƙa in ba ya yage ta ba? Alhali kuwa haƙƙi ne da doka ta ɗora wa kowane gida, akwai akwatin talabijin ko babu, kuma bashin taruwa yake yi.

Har cikin aji tarkon na nan. An rubuta lacca ƙarfe goma, an biyo da wasu haruffa biyu, c.t., yaro ya je tun goma saura ya tarar da aji wayam, ya ɗauka an soke ko ya ɓata hanya, ya juya ya tafi. Tsohuwar al'adar jami'o'in Jamus ce, ma'anarta a fara goma da kwata. Ranar da ya samu ya zauna har ƙarshe kuma, malami na rufe baki sai ya ji ɗalibai sun hau ƙwanƙwasa tebura da ƙashin yatsu. Ya zaci bore ne ya tashi, ashe tafinsu ke nan.

Wane ne daga cikin waɗannan ya nuna ƙauyanci ko ƙarancin hankali? Sabuwar amarya ba ta san inda ake ajiye ludayi a gidan miji ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka ba ta isa aure ba.

Sai maganar ciki, wadda Malam ya fi yi wa ba'a. Uwa ta ɗaure wa ɗanta kilishi da dambun nama cikin ƙauna, ma'aikatan kwastan su ƙwace a filin jirgi, saboda Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashen da ba nata ba. A Amurka ma haka abin yake, kuma wanda ya ɓoye bai bayyana ba tara ce ke hawa kansa. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya da suka tsira su ne jarinsa. Ranar da kewar gida ta taso ya ɗora manja a wuta a kicin ɗin da yake tarayya da mutum shida ko takwas, hayaƙi ya tashi, ƙararrawa ta ɗauki kuka, a fito da mutanen bene gaba ɗaya cikin sanyi, wani lokaci har da motar 'yan kwana-kwana. Washegari ya tarar da 'yar takarda a manne a firji, ana roƙon wanda ya dafa abin nan mai wari ya riƙa buɗe taga. Daddawa ce ake nufi. Malam ya ji wannan labari ya ji kunya. Ni kuwa abin da nake tambaya shi ne me ya biyo baya, domin a nan darasin yake: ko dai yaron ya daina girki ya koma cin burodi a ɗaki yana jin haushin Turawa, ko ya buɗe tagar, ya dafa, ya zuba wa mai takardar a kwano ya ce ɗanɗana. Wanda ya zaɓi na biyu ya koyi zama da wanda ba su haɗa harshe ko addini ko hanci ba, kuma ba na jin akwai darasin aji da zai koya masa haka cikin wata shida.

Akwai ma tuntuɓen da tarbiyyarmu ce take jawo shi, kuma shi ya fi ba ni tausayi. An koya wa ɗan Bahaushe cewa idan aka yi masa tayin abinci a gidan mutane ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi, sai an matsa masa. Ya je gidan Bajamushe ko Ba'amurke ya yi wannan kara, mai gida ya ɗauki maganarsa a yadda ya faɗe ta, ya kwashe kwanuka, yaro ya kwana da yunwa. An koya masa sunkuyar da kai gaban babba, can kuwa wanda ba ya kallon idon mai yi masa magana ana ɗaukarsa mai ɓoye wani abu. Abokai su ce ya zo a je cin abinci, ya bi su da zaton wanda ya gayyata shi zai biya, sai ma'aikacin wurin ya zo yana tambaya a haɗe za a biya ko kowa nasa, kowa ya ciro walat. Ga bayan gida babu buta. Ga alwala a wurin wanke hannu, ka ɗaga ƙafa ɗaya sama sai ga wani ya turo ƙofa ya tsaya yana kallonka. Ga lokutan salla da suka rikice: a Balin cikin Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, wato Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, a tsakiyar lokacin lacca. Waɗanda azumin 2016 ya riska a can, da ya kama a watan Yuni, sun riƙa kai awa 18 ko fiye ba ci ba sha. Yaron da ya nemo wa kansa kusurwar da zai yi salla a laburare, ya iya yi wa malaminsa bayanin dalilin fitarsa na minti biyar ba tare da rigima ba, addininsa ƙarfi ya ƙara. A gida ladan ne ke tashinsa. A can ba mai tashinsa sai kansa.

Malam ya yi magana kamar mu kaɗai ne muke irin wannan dabarbarcewa. Ba haka ba ne. A 1955 wani masani ɗan ƙasar Nowe, Sverre Lysgaard, ya wallafa binciken da ya yi a kan 'yan ƙasarsa 200 da suka je Amurka da tallafin Fulbright. Ya gano cewa da yawansu sukan fara da murna da ɗoki, sannan a tsakiya, tsakanin wata 6 zuwa 18, su shiga ƙunci da kaɗaici, kafin daga baya su saba. Masu bincike na baya sun yi ta gardama kan ko kowa ne ke bin wannan tsari daki-daki, amma ba wanda ya musa cewa ƙuncin yana nan. Kuma a lura, Turawa ne masu ilimi suka je ƙasar Turawa 'yan'uwansu. Kalervo Oberg, wanda ya yayata batun girgizar da baƙuwar al'ada ke yi wa mutum, jawabinsa na 1954 a birnin Riyo na Barazil ya yi shi, gaban matan baƙi mazauna can, ba gaban ɗaliban Afirka ba. Shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, miliyoyin ɗalibai sun bi ta cikinsa, kuma ɗan Sifen da ya je Jamus shi ma yana cin tarar tikiti, ɗan Jamus da ya je Sifen yana zuwa neman abincin dare ƙarfe shida ya tarar ba a ma hura wuta ba. Su sukan mayar da abin raha har su yi fim a kai. Mu ne za a ce mu ɓoye?

Ko a adabinmu ba baƙon abu ba ne. Dorugu, yaron nan ɗan yankin Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya sa ake komawa ga labarin har yau shi ne idon baƙo da ya kalli rayuwar Turawa da shi, cinsu da zamansu da abin da ya ba shi mamaki. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Zaman shekara guda ne, irin wanda Malam ke kira yawon buɗe ido, kuma kowa ya san abin da mutanen nan suka dawo suka zama.

Batun rashin digiri kuwa, ina jin Malam bai duba yadda tsarin yake ba. Ɗalibin musaya yana nan a matsayin ɗalibin jami'arsa ta gida. Kafin ya tashi ana sa hannu a yarjejeniya kan darussan da zai ɗauka, kuma a tsarin Turai zango guda maki 30 ne, shekara 60, waɗanda ake dawowa da su a lissafa masa cikin digirinsa. Idan wata jami'a tamu ta ƙi lissafawa ta sa yaro maimaita shekara, ita ya kamata a tambaya. Kuma a cikin ajin ne yake yin tuntuɓen da ya fi kowanne amfani. Yaron da ya saba haddace takardar malami ya mayar masa da ita ranar jarrabawa zai rubuta aikinsa na farko, ya kwafo sakin layi daga littafi bai faɗi mai shi ba, a kira shi ofis a ce wannan sata ce, ana korar mutum a kanta. Zai zauna a ajin tattaunawa ya yi shiru saboda ladabi, a ƙarshen zango ya ga an rage masa maki don bai taɓa buɗe baki ba. Gara ya ci karo da wannan yana ɗan shekara 21, a aikin da bai wuce shafi biyar ba, da ya ci karo da shi yana ɗan shekara 40 a kundin digirin digirgir, da iyali a bayansa da kuɗin gwamnati a wuyansa. Shawarar Malam ta a jira sai an girma jinkirta tuntuɓen kawai take yi zuwa lokacin da faɗuwa ta fi ciwo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma ba wannan ba ne. Kiran da ya yi na a rufa asiri shi ne ya tayar mini da hankali, domin shirun nan ya riga ya yi mana ɓarna. Tun daga Satumban 2024, ɗalibin da ba shi da tallafin karatu sai ya ajiye Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa kafin Jamus ta ba shi bizar shekara guda, ana sakar masa Yuro 992 duk wata. A gida sai a buga wannan da canjin Naira a ce yaro ya zama attajiri. Ba a san cewa a birni kamar Munik ɗaki guda a gidan haɗaka kan cinye fiye da rabin kuɗin ba, inshorar lafiya ta ɗauki fiye da Yuro 100, kuma doka ta ƙayyade masa kwanakin da zai iya yin aiki a shekara. Sai saƙonni su fara shigowa: kuɗin makarantar ƙane, gudunmawar biki, maganin gwaggo. Yaron da aka koya wa cewa faɗin wahala a Turai abin kunya ne ba zai ce babu ba. Zai tura, ya rage cin abinci, ya bar zuwa lacca ya kama aikin dare. Ga duhun hunturu, ga kaɗaici, ga ba wanda zai gaya wa. Idan aka kira daga gida ya ce lafiya lau. Da waɗanda suka riga shi sun faɗi gaskiyar yadda rayuwar take, da iyayensa sun san abin da za su tambaya da abin da ba za su nema ba.

Kuma idan abin kunya Malam yake nema a harkar karatun waje, ai ga shi nan birjik, sai dai ba a kicin ɗin ɗalibai yake ba. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari da sauransu a ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi tsakanin ƙasashe sun shafe watanni ba a biya su alawus ba, sannan a 2024 aka zaftare shi daga Dala 500 zuwa Dala 220 a wata. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, 'ya'yanmu da ke karatu a Khartum sun kwana a sahara a kan iyakar Masar suna jiran a buɗe musu hanya. A Fabrairun 2022 ɗaliban Afirka da ke gudun yaƙin Yukren sun ba da labarin yadda aka riƙa ture su baya a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyaka. Duk waɗannan mun san su ne saboda ɗaliban sun buɗe baki sun yi magana. Ɗalibin da aka horar ya haɗiye labarin tarar tikiti don kada a yi masa dariya, shi ne zai haɗiye labarin mai gidan haya da ke cutarsa, ko malamin da ke neman ta da lalata in mace ce.

Saura damuwarsa kan ƙananan yara, kuma a nan ban raina ta ba. Shirin Kennedy-Lugar na Amurka, wanda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, ɗaliban farko suka isa a 2003, ya riƙa ɗaukar 'yan sakandare ne su zauna shekara guda a gidan wani iyali, kuma yara daga jihohin Arewa sun je. Uban da ya ce ba zai ba da 'yarsa mai shekara 16 ta zauna a gidan da bai sani ba yana da hujjarsa, ba kuma zan kira shi baƙauye ba. Amma uban da ke son ya yanke shawara da ilimi, wa zai tambaya? Takardar talla ba za ta gaya masa yadda ake yi da kare a falo ba, ko yadda yarinya za ta gane naman alade da aka sarrafa a cikin alewa, ko wanda za ta kira in zaman gidan ya ƙi daɗi. Wadda ta je ta dawo ce za ta gaya masa, kuma ta hanyar waɗannan labaran da Malam ke so a daina bayarwa.

Don haka ina roƙon ofisoshin hulɗa da ƙasashen waje na jami'o'inmu, duk lokacin da za a tura sabon rukuni, a zaunar da su da waɗanda suka dawo, a bar su su faɗi komai har da abin dariya. Ku kuma da kuka je kuka dawo, ku rubuta, kuma ku rubuta da Hausa yadda iyaye za su karanta, ku faɗi nawa ne kuɗin ɗaki, me aka ƙwace a filin jirgi, wace wasiƙa ce ba a yagewa. Shi kuma Malam, ina roƙonsa da girman Allah ya janye kiran nan na a yi shiru.